Bangon Baba da Garin Kan Ruwa

Tun da muka dawo daga Kwatano ake tambayata yadda tafiyar ta kasance. Abokan aiki sun tambaya, waɗanda muke shiga motar Abuja tare da safe sun tambaya, mutanen unguwa kuwa abin da suke son ji shi ne yadda aka yi Baba ya yarda ya bar gidansa cikin damina. Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure har na lura ya fara canja kama a bakina, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya. Amma in faɗa tun yanzu, ban riƙe littafi a hanya ba. Yawancin lokaci hankalina yana kan Baba da ledar magungunansa. Mai yiwuwa na ɗauki abin da ya faru a wannan gari na kai shi wancan, mai yiwuwa kuma wasu maganganun ba da waɗannan kalmomi aka yi su ba. Inda nake shakka zan nuna.

Dole in fara da gidan, domin shi ne sanadin tafiyar. Gidanmu na Kurmin Sarki a Suleja ginin ƙasa ne da rufin kwano, kakana ya gina shi da hannunsa. A ciki aka haifi Baba, daga cikinsa ya yi ta zuwa shagonsa na ɗinki a kasuwa har idonsa ya gaza. Tun rasuwar Inna shi kaɗai ya rage a gidan, yana kwana a ɗakin gaba. Yaya Hadiza, babbar yayata, tana aure a bayan layinmu, ita ke aiko masa abinci. Ni ina haya a Madalla saboda sauƙin mota, sai Asabar da Lahadi nake zuwa.

Shekara shida da suka wuce, da na gama bautar ƙasa na sami aiki, abin da na fara yi shi ne gyaran ɗakin Baba. Na sa aka yi wa bangon filastar siminti ciki da waje, aka shafa shuɗin fenti mai sheƙi, aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka toshe ƙaramar tagar da ke can sama saboda sauro. Ya yi kyau ƙwarai. A damina ta biyu fentin ya fara kumbura. Baƙar fumfuna ta fito daga gindin bango tana hawa, a goge ta yau, bayan kwana uku ta dawo. Tufafin cikin akwati suka yi wari. Takalminsa na Juma'a ya yi fari-fari. In ka ƙwanƙwasa bangon sai ya amsa kamar ganga.

Baba ya canja. Da hadari ya taso ba ya iya zama, sai ya riƙa zagaya ɗakin yana dafa bango da tafin hannu, yana jera bokitai da robobi ƙarƙashin inda kwano ke yoyo. Ya daina zuwa ɗaurin aure in dai akwai gajimare a sama. Ga tari da ya ƙi tafiya. Likitan da muka gani ya ce in ba a raba shi da ɗakin nan ba, magani ba zai yi wani amfani ba.

Wani abokin aikina da ya karanta harkar gini ya zo ya duba, ya ja ni waje ya ce simintin ne. Ya ce ginin ƙasa yakan sha ruwa daga gindi da damina, iska ta busar da shi. Yanzu an rufe shi gaba da baya, ruwan yana shiga ba ya samun hanyar fita. Sai an fasa filastar. Na je na ce wa Baba a fasa a yi gyara, amma ban gaya masa dalili ba. Na kasa cewa aikina ne ya ɓata masa ɗaki. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa min bangon nan." Sau uku ina komawa da maganar, amsar ba ta canja ba. Na ɗauka tsoro yake ji kada a fasa ginin ya zube.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta daɗe tana aure a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Shekara biyu da suka wuce ta gayyace shi, har muka yi masa fasfo, ya ƙi zuwa. Wannan karon Yaya Hadiza ta gaya mata abin da likita ya ce, sai ta kira a wayata, na miƙa wa Baba.

"Yaya, na ji an ce ka zama maigadin bokiti."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ruwanka. Ni dai ƙafa ta hana ni motsi. In ba ka zo ka gan ni da raina ba, kada ka wahalar da kanka zuwa gaisuwa."

"Asabe, damina ce fa."

"Mu nan rani muke ciki? Zo ka ga ruwa na gaske."

Ya yarda, da sharaɗi. Ya ɗauko allinsa na tela ya zana da'ira a kan leda, kowane bokiti da gurbinsa, ya sa Yaya Hadiza ta maimaita masa har sau biyu.

Mun tashi bayan sallar Asuba, muka shiga babbar mota a Zuba. Kusa da mu akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Hausa a bakinta tas, ta ce a Zariya aka haife ta. Da ta ji tarin Baba sai ta ciro namijin goro daga bakin zaninta ta miƙa masa. Na so in hana don ban san ko zai yi karo da maganin asibiti ba. Baba ya riga ya gutsura.

Bayan Koton Ƙarfe muka hau gadar Kwara. Na taɓa ganin kogin a hoto, amma hoto bai gaya mini komai ba. Ruwa ne ja, ya cika har ya shiga daji, kawunan itatuwa kawai ake gani. Can gefe ga wani ƙauye da rufinsa kaɗai ya rage a sama, mutane suna wucewa a kwalekwale ta tsakanin ɗakuna. Baba ya kama hannuna ya ce, "Nura, wannan duk ruwa ne?" Muna sauka daga gadar ya ce in kira Hadiza.

"An yi ruwa?"

"Ko ɗigo, Baba."

"Fita ki duba gabas."

A Lokoja aka tsaya cin abinci, muka ci soyayyen kifi da shinkafa. Sai da muka yi nisa na lalubi ledar magunguna na ji babu. Na miƙe tsaye cikin mota ina roƙon direba ya juya, fasinjoji suna ta faɗa. Matar nan ta bari na gama, sannan ta ɗaga ledar daga cinyarta. Ta ce ta tsince ta kan benci. "Kai da ka zo kula da tsoho, wa zai kula da kai?" Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Ina jin a nan ne, ko da yake yana iya zama a Okene, inda gidaje suke maƙale a jikin duwatsu, don can ma mun tsaya.

Mun isa Ibadan daidai magariba. Mijin Gwaggo, Alhaji Mudi, ya riga ya yi mana magana da wani mai masauki a unguwar Sabo, dillalin goro. Ya ba mu ɗaki a saman wani tsohon bene. Muna shiga, kafin ya ajiye sandarsa, Baba ya ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne. Mai gidan ya ce, "Malam, akwai wanda kake nema a ciki?" Baba ya ce a'a, gaisawa kawai suke yi.

Aka kawo mana tuwo baƙi da miya mai yauƙi. Baba ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko ƙonewa ya yi. Mai gidan ya ji, ya ce garin busasshiyar doya ne, miyar kuma lalo ce. Baba ya sa hannu da shakka, ya cinye, ya karɓi ƙari. Da safe muka leƙa ta baranda. Rufin kwano ne masu tsatsa, ja-ja, sun hau tudu sun gangara kwari har inda ido ya ƙare. Ban taɓa sanin gari yana kai haka ba. A ƙasa wani saurayi cikin kwat ya gamu da wani dattijo, ya kwanta rub da ciki a gefen titi yana gaida shi. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani? Kai durƙuson ma sai ka duba ko akwai ƙura."

Ba zan ce komai a kan Legas ba, don ban gan ta ba. Abin da na gani bayan motoci ne, da wata gada a kan ruwa da na ɗauka ba za ta ƙare ba. Muka canja mota zuwa Badagiri, daga nan sai iyaka.

A iyakar ne abin kunya ya same ni. Na tsara takarduna cikin leda uku. Fasfon Baba kuwa tun a gida ya ce yana aljihunsa, ban matsa in gani ba. Da ya miƙa wa ma'aikaciyar, wata mace mai jiki da tabarau, sai ya ƙi buɗuwa. Shekara biyu yana cikin akwati a ɗakin nan. Shafukan sun manne, gefensu ya yi baƙi. Ta kai shi hanci ta kau da kai, ta tambayi Baba da Turancin buroka ko a cikin kogi yake kwana. Na fara bayanin da ba a tambaye ni ba, na ginin ƙasa da damina. Ta ɗaga mini hannu. Ta zare fil daga ɗankwalin wata mata da ke layi, ta zauna tana raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, mutane suna ta gunaguni a bayanmu. Hoton ya fito da ɗigon baƙi biyu a goshi. Ta dubi hoton, ta dubi Baba, ta ce shi ne. Da ta buga hatimi sai ta ce in gaya masa, abin da ya yi wa takarda haka ba zai bar ƙirjin mutum ba. Na fassara. Baba ya mayar da fasfon aljihu.

Kwatano ta ba ni mamaki ta inda ban zata ba. 'Yan acaba duk cikin riga ruwan ɗorawa, kamar an watsa su a titi. Mata suna tuƙa babur da kansu, goyo a baya, kwando a gaba, ba mai waiwayensu. Fetur a manyan kwalabe a bakin hanya. Burodi dogo kamar sanda, mai tauri a waje. A zango, unguwar Hausawa, ana Hausa, amma rabinta Faransanci, in an faɗi lokaci ko lamba sai in tsaya ina kallon baki.

Gwaggo ta tarye mu a ƙofar gida, a tsaye, har da sassarfa.

"Ina ciwon ƙafar?" in ji Baba.

"Ya ji kana tafe ya gudu."

"Asabe, har yanzu ba ki daina ƙarya ba."

"Kai ma har yanzu ba ka daina yarda ba. Shigo, Yaya. Dubi yadda ka rame."

Sai ta fashe da kuka, shi kuma ya tsaya yana duban silin.

Iskar garin ta fi ta Suleja danshi nesa ba kusa ba, riga ba ta bushewa a jiki. Amma gidan Gwaggo ba ya wari. Na lura tagoginsu suna fuskantar juna, ba a rufe su da rana. Akwatuna suna kan bulo, nesa da bango. Duk safiyar da rana ta fito sai a fitar da katifu da takalma da darduma tsakar gida, maƙwabta ma haka, kamar unguwar gaba ɗaya za ta yi ƙaura. A gida in aka ga katifa a waje sai a ce yaro ya yi fitsari. A nan ba mai tambaya. Abincinsu tuwon masara ne mai tsami, naɗe a ganye, da kifi da yaji mai sa hawaye. Alhaji Mudi ya kai mu bakin teku. Baba ya tsaya nesa, ya daɗe yana kallo, ya yi tasbihi, sannan ya tambaya ko ruwan yakan huta. Aka ce ba ya hutawa.

Wajen kwana na biyar na lura tarin ya ragu. Ban faɗa ba, don kada in yi saurin murna. Kiran Yaya Hadiza dai sau uku a rana bai fasa ba. Ran kwana na takwas, in ban yi kuskure ba, ta ce an kwana ana ruwa a Suleja, bokiti biyu sun cika, fentin gefen ƙofa ya ɓare. Baba ya tashi ya haɗa jakarsa. Gwaggo ta yi faɗa, na yi roƙo, bai saurara ba. Alhaji Mudi, mutum mai sanyin magana, ya ce, "Yaya, mota ba ta ƙarewa. Ka ba ni gobe kawai. Akwai inda nake so ka gani, in ka gani jibi ni zan kai ka tasha."

Da safe muka fita bayan gari zuwa bakin wani tafki. Sunan garin da za mu, yadda na ji shi, Ganbiye. Wata mata ce ta ɗauke mu a kwalekwale, tana tura shi da doguwar gora. Baba ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da hannu biyu. Ni na riƙe rigarsa, ko da yake ban iya ruwa ba, ban san me zan yi ba in wani abu ya faru.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa ba komai sai ruwa da rassan itace da aka kafa don tara kifi. Sannan garin ya fito. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Gari ne sosai, ba ƙauye ba, yana tsaye a kan dirkoki cikin ruwa. Layuka na ruwa, kasuwa ta kwalekwale, mata suna ciniki daga wannan jirgi zuwa wancan, tumatir da itacen wuta da burodi. Ga makaranta, ga wurin aski, ga kaji a kan dandamali. Muka ji kiran sallah daga wani masallaci, shi ma a kan ruwa. Baba ya saki gefen jirgin bai sani ba. Yana ta cewa, "Ikon Allah. Nura, ikon Allah."

A wani lungu muka tarar ana aiki. Wani dattijo, ina jin ya girmi Baba, yana tsaye cikin ruwa har ƙirji ƙarƙashin wani gida, da maza biyu. Baba ya ce a tsaya. Dattijon yana bin dirkokin ɗaya ɗaya, ya buga da ƙotar wuƙa ya saurara, sannan ya soka tsinin. Da ya zo kan wadda wuƙar ta nutse, suka kafa sabuwa a gefenta, suka ɗaure, suka girgiza tsohuwar suka zare. Ta fito baƙa, tana marmashewa. A sama kuwa, daidai kansu, wata mata tana tankaɗe, wata tsohuwa tana cin abinci. Ko ɗagowa ba su yi ba.

Maganar da ta biyo baya ta bi ta baki uku: Baba ya faɗa da Hausa, Alhaji Mudi ya juya wa mai jirgin, ita ta juya wa dattijon da harshensu. Saboda haka ban ɗauki alhakin kowace kalma ba.

Baba ya tambaya gidan wa ne. Aka ce na kakan dattijon. Ya tambaya wace dirka ce ta kakan. Dattijon ya yi dariya ya ce babu ko ɗaya, na mahaifinsa ma saura biyu. Baba ya nuna bangon, na gora ne, ana hango cikin ɗaki ta tsakani, ya ce iska fa? Aka ce don ita aka bar shi haka. Sai Baba ya ce, to me zai hana a lulluɓe dirkokin da kwano ko wani abu, kada ruwa ya taɓa su? Dattijon ya dubi mai jirgin kamar bai yarda da fassararta ba. Ya ce ruwa zai shiga ko an lulluɓe, sai dai ba zai fita ba. Kuma in an rufe, ina zai soka wuƙarsa?

Muka juyo. Da muka fita daga cikin gidajen na ce, ba tare da na shirya ba, "Baba, simintin nan ne. Wanda na sa. Shi ya jawo fumfunar."

Bai waiwayo ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"Ɗakin Innarku na baya, da ba ka kai gare shi ba, ka taɓa ganin fumfuna a ciki?"

Ban taɓa gani ba. Ban ma taɓa tunanin in duba ba.

"To me ya sa ka hana a fasa? Me ya sa ba ka koma can da kwana ba?"

"In koma can, mutane su ce me? Ran da aka gama aikin nan ka zo ka kama hannuna ka ce in rufe ido. Babu wanda ban kira ya gani ba a Kurmin Sarki. Liman ma ya shigo. Na ce ga abin da Nura ya fara yi da aikinsa." Ya waiwayo ya dube ni. "Ni zan sa guduma a kai? Kai kuma ka zo kana cewa gyara, gyara, kana kallon ƙasa. Na ce yaron nan bai sani ba, bari in bar shi da rashin saninsa."

Alhaji Mudi ya juya yana kallon ruwa kamar ya ga wani kifi na musamman.

Na ce, "Ka yafe mini, Baba. A fasa."

"Tsoron ma akwai shi, kada ka ɗauka babu. Ban san abin da ya rage a bayan simintin nan ba." Ya share fuska da hannun riga. "Bango ɗaya za a fara. In an ga ya tsaya, a je na biyu. Kuma ina zaune a wurin."

Bai koma gida jibin ba. Mun ƙara mako guda. Kiran ya ragu zuwa sau ɗaya a rana, wata rana ma Yaya Hadiza ce ta kira tana tambaya ko lafiya. Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai taya ta fashe mana kusa da Abaji, kuma Baba ya sa na sayo dogon burodin nan guda huɗu don maƙwabta, ya iso Suleja ya zama icce. Ranar da muka sauka ya sa aka kai katifarsa ɗakin Inna.

Sai da ruwa ya ɗauke muka kira Malam Tanko, tsohon magini da ya san ginin ƙasa. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa ya ce bangon gabas za a fara, daga ciki. Aka fitar da kaya, aka ɗage leda, ƙasanta baƙi ƙirin. Maƙwabta sun taru a ƙofa. Baba ya sa aka ajiye masa kujera a tsakiyar ɗaki. Malam Tanko ya miƙa mini gudumar ya ce, "Mai ɗaurawa shi ke kwancewa, Malam Nura." Bugu biyu kawai na yi, filastar ta saki da kanta, falle guda mai faɗin tabarma ya faɗo ya tarwatse. Wani wari mai sanyi ya cika ɗakin.

Daga ƙasa zuwa gwiwa bangon ya zaizaye, ƙasar ta yi laushi, yatsa yana shiga. Malam Tanko ya ce wannan sai an cike, kuma bangon arewa bai yi alkawari ba tukuna. Amma daga gwiwa zuwa sama yana nan daram. Tsohon yaɓen ne, ja, da sawun yatsu huɗu-huɗu a jere, an ja su kamar bakan gizo tun daga nan har rufi. Na taso ina ganinsu ƙarƙashin farar ƙasa ban taɓa kula ba. Baba ya tashi daga kujerar, ya taka kan tarkacen, ya sa yatsunsa cikin sawun guda. Sun fi nasa faɗi, yatsun kakana ne. Ya faɗi wata magana, amma daidai lokacin wani guntun ya sake faɗowa, ban ji ba.

Yanzu an gama bango biyu, an buɗe tagar sama. Na arewa yana jira. Tarin bai tafi duka ba, ba na so in faɗi abin da ya wuce gaskiya, amma ya ragu sosai.

Ina roƙon duk wanda ya shaida wani ɓangare na wannan, Gwaggo da Alhaji Mudi a can, Yaya Hadiza da maƙwabta a nan, in ya ga na yi kuskure ya aiko mini in gyara. Musamman ina neman wanda ya tsaya kusa da ƙofa ranar nan. Yaya Hadiza ta ce hamdala Baba ya yi. Malam Tanko, da ya fi kowa kusa, ya rantse cewa abin da Baba ya ce shi ne, "Sannu, Baba, an rufe ka da yawa." Ni na kasa tambayarsa.